Kano zuwa Jidda: kilomita nawa ne, kuma awa nawa ake yi a sama?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da niyyar kai mahaifiyata Umara, za mu tashi daga Kano. Ejan ya turo mini takardar tikiti, na ga an rubuta za mu tashi ƙarfe 2:00 na rana mu sauka Jidda ƙarfe 9:00 na dare, awa bakwai ke nan. A dawowa kuma an rubuta tashi 8:00 na safe, sauka Kano 11:00 na safe, awa uku kacal. Kawuna da ya yi aikin Hajji a 2023 ya ce sun kusa awa bakwai a sama, shi kuwa mahaifinmu kullum cewa yake awa huɗu da ɗan wani abu suka yi a zamaninsu. To wanne ne gaskiya? Mene ne ainihin nisan Kano da Jidda, kuma awa nawa Inna za ta yi a zaune? Tana fama da ciwon gwiwa da ciwon suga, shi ya sa nake son in san shirin da zan yi." Wani mai karatu daga Haɗeja.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan hidima, ya ƙara wa Inna lafiya. Idan na fahimce ka, lambobi huɗu ne suka taru a hannunka, bakwai da uku na tikiti, bakwai ta kawu, huɗu ta Baba, kana so ka san wacce za ka riƙe. Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu. Kowanne abin da ya auna daban ne. Na yi shekaru a ofishin da ake tsara wa jirgi hanya da lissafin mai kafin ya tashi, daga baya na koma harkar tikiti da jigilar masu Umara, kuma wannan tambayar ba na jin akwai makon da ba a yi mini ita, musamman idan azumi ya gabato.

Nisan da ba ya canjawa

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, idan aka ja zare a miƙe a kan doron ƙasa, kimanin kilomita 3,420 ne. A intanet za ka ga wani ya rubuta mil 2,125, wani ya rubuta mil 1,850, kada hakan ya ruɗe ka. Na farko mil ɗin mota ne, na biyu mil ɗin teku ne wanda matuƙan jirgin sama da na ruwa suke aiki da shi, shi mil ɗin teku ɗaya kilomita 1.852 ne. Nisa ɗaya ne aka faɗa da mudu uku. Idan Madina za a sauke ku, a filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz, nisan ya ɗan ƙaru zuwa wajen kilomita 3,560, abin da bai wuce ƙarin minti goma a sama ba.

Wannan zaren yana fita daga Kano ne ya nufi gabas, ya ɗan karkata arewa, kusan daidai inda muke fuskanta idan muna salla. Abin dariyar a wajenka shi ne, za ku sha awanni a mota daga Haɗeja zuwa Kano, sannan jirgin ya maido ku ta gefen garinku cikin kamar minti ashirin, domin layin ta arewacin Haɗeja kaɗan yake wucewa, ya bi ta kan Nguru. Daga nan ya ɗan gutsuri Nijar tsakanin Diffa da Gigimi, ya bar Tafkin Chadi a hannun dama, ya ratsa hamadar Chadi ta arewacin Abeche, ya shiga Sudan ta saman Darfur, ya tsallake Kogin Nilu kusa da Dongola, ya fito bakin Bahar Maliya ta arewacin Port Sudan. Ruwan da ake tsallakewa a wurin bai fi kilomita 200 da kaɗan ba, kafin ka gama kallonsa fitilun Jidda sun bayyana. Ka riƙe abu ɗaya daga wannan bayani, zan dawo kansa: wajen kilomita 1,400 na hanyar, wato kusan kashi biyu cikin biyar, a sararin samaniyar Sudan take.

Garin da aka tashi ma yana da tasiri, kuma da shi ake yawan yin gardama a sansanin alhazai. Mutumin Maiduguri kilomita 3,000 ne a gabansa, bai ma cika ba. Na Abuja da na Sakkwato wajen 3,700, na Yamai wajen 4,000, na Legas wajen 4,200. Tsakanin Alhajin Maiduguri da Alhajin Legas akwai tazarar kusan awa ɗaya da rabi, alhali duk biyun za su rantse maka "daga Najeriya" suka tashi.

Tikitinka ba awa bakwai ya ce ba

Nan ne kuskuren da ya fi yawa. A kan tikitin jirgi, lokacin tashi agogon garin da za a tashi ne, lokacin sauka kuma agogon garin da za a sauka. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu cur. Mu awa ɗaya muke gaban agogon GMT da ake ambata a rediyo, su awa uku, kuma ƙasashen biyu babu mai matsar da agogo da rani ko da hunturu, saboda haka tazarar ba ta motsi duk shekara. Ba kuma son rai aka bi ba wajen sa wannan bambanci. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, tsakanin Kano da Jidda akwai digiri 30 da ɗoriya, ka ga suna riga mu ganin rana da kimanin awa biyu da gaske.

To sai mu sake lissafin. Ƙarfe 9:00 na dare a Jidda, ƙarfe 7:00 ne a Kano. Daga 2:00 zuwa 7:00 awa biyar. A dawowa, 8:00 na safe a Jidda 6:00 ne na asuba a Kano, daga 6:00 zuwa 11:00 nan ma awa biyar. Ke nan tikitinka awa biyar ya ce a zuwa, awa biyar a dawowa. Dabarar mai sauƙi ce: a zuwa ka cire biyu daga abin da idonka ya gani, a dawowa ka ƙara biyu.

Ka ga kamar ƙaramin abu ne, amma na taɓa ganin dattijon da ya dawo daga Umara ya zauna a kan akwatinsa a bakin filin jirgin Kano har kusan awa biyu, wayarsa da layin Saudiyya a ciki, babu mai ɗaukarsa. 'Ya'yansa sun ji an ce jirgi zai tashi ƙarfe takwas kuma awa biyar ake yi, suka ƙirga da yatsu suka ce ƙarfe ɗaya. Da suka iso da motoci uku da shirin tarba, tsohon ya riga ya cika ya batse.

Me ya sa biyar, ba huɗu ba

Manyan jirage irin su A330 da Boeing 777 suna gudun kilomita 870 zuwa 900 a awa idan sun daidaita a sama, ƙananan irin su Boeing 737 da A320 kuma wajen 830. Idan ka raba 3,420 da wannan gudu za ka samu wajen awa huɗu. Ina tsammanin nan lissafin Baba ya tsaya, kuma daidai yake, domin shi daga lokacin da ya ji tayoyi sun bar ƙasa ya duba agogo. Sai dai jirgi ba ya fara wannan gudu daga bakin titi. Yana ɗaukar minti ashirin zuwa talatin kafin ya hau ƙafa dubu 35 ko abin da ya yi kama da haka, kuma tun ana saura kamar rabin awa a isa yake fara rage gudu yana gangarowa. Sannan sama ma tana da tituna. Ba a barin kowa ya miƙe yadda ya ga dama, akwai layuka da mahaɗai da aka shata, masu kula da zirga-zirgar jirage na kowace ƙasa suna miƙa ka ga na gaba, Kano ta miƙa wa Injamena, ita kuma ta miƙa gaba. Waɗannan layuka ba su hau kan zarenmu daidai ba, sukan ƙara 'yan kilomitoci. Da wannan sai zaman sama ya koma awa huɗu da kwata zuwa huɗu da rabi.

Ragowar kuma a ƙasa ake cinye ta. Lokacin da kamfani yake bugawa a tikiti yana farawa ne daga sa'ar da aka tura jirgi baya daga inda yake a fake, ya ƙare sa'ar da ya tsaya cak a ɗaya filin. A Kano tafiyar ƙasa gajeriya ce. Jidda kuwa fili ne makeke mai titin jirgi uku, jirgi yakan yi minti goma sha biyar yana rarrafe bayan ya sauka, kuma a lokacin cunkoso, kamar goman ƙarshe ta Ramadan, akan sa shi ya yi ta kewaya a sama yana jiran layi. Kamfanoni sun san haka, sai su ɗan ƙara mintoci a jadawali don kada kullum a ce sun makara. Shi ya sa wani lokaci za ka ji matuƙi yana alfaharin an iso kafin lokaci, alhali ba wani gudu ya ƙara ba.

Akwai kuma iska, wadda fasinja ba ya gani amma mu a ofis ita muke fara dubawa. A can sama inda jirage ke bi, da hunturu iska mai ƙarfi tana kaɗawa daga yamma zuwa gabas a kan arewacin Afirka, tana tura mai zuwa Jidda tana tare mai dawowa. Da damina, wajen Yuni zuwa Satumba, al'amarin yakan juye a yankinmu, iskar sama ta taso daga gabas, sai zuwa ya yi nauyi dawowa ta yi sauƙi. Bambancin yakan kai minti goma sha biyar, wani lokaci rabin awa. Don haka mutum biyu za su iya shiga jirgi iri ɗaya, hanya ɗaya, ɗaya a Janairu ɗaya a Agusta, su dawo da labari daban.

Awa bakwai ɗin kawu

Shi ma kawu bai ƙara gishiri ba. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, ana saura 'yan makonni a fara jigilar maniyyatan shekarar. Ka tuna na ce kashi biyu cikin biyar na hanyarmu a kan Sudan take. Ba gefen hanya aka toshe ba, tsakiyarta aka datse, kuma Sudan ƙasa ce mai tsawo daga iyakar Masar har zuwa Sudan ta Kudu, kewaye ta ba ƙaramin aiki ba ne.

Mafita biyu ce a taswira. Ko a bi ta kudu, ta Kamaru da Afirka ta Tsakiya, a gangara wajen Sudan ta Kudu ko ma Yuganda da Kenya, a hauro ta Habasha da Eritiriya, a biyo Bahar Maliya zuwa Jidda. Wannan hanya tana mai da kilomita 3,420 ta koma 5,000 zuwa 5,600, gwargwadon zurfin da aka yi kudu, wato awa shida zuwa bakwai. Ita ce kawu ya sha. Ko kuma a bi ta arewa, ta Chadi a shiga kusurwar Libiya wajen Kufra, a faɗa Masar ta wajen Aswan, a tsallaka teku. A takarda wannan ƙarin kilomita 300 ne kawai ko sama kaɗan, minti ashirin zuwa talatin. To me ya hana kowa binta? Libiya ita ma ta daɗe cikin jerin wuraren da hukumomin jiragen sama na ƙasashe da dama suke gargaɗi a kansu. Wani kamfanin hukumar ƙasarsa ba ta yarda ba, wani masu inshorarsa ne ba su yarda ba, wani kuma jirgin ma haya ya ɗauko kuma mai jirgin ya gindaya sharaɗi. Saboda haka a rana ɗaya jirage biyu za su iya tashi daga Kano zuwa Jidda, ɗaya ya riga ɗaya da awa biyu. A Agustan wannan shekarar kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijar ta rufe nata sararin na kusan wata guda, abin ya zama goma da ashirin ga masu tsara hanya.

Kewayen ba lokaci kaɗai yake ci ba. A shekarar ne kamfanonin jigilar alhazan Najeriya suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera, mutane suka yi ta surutu, amma wanda ya san lissafin mai bai yi mamaki ba. Jirgi ba man tafiya kaɗai yake ɗauka ba, dole ya ɗauki na ko-ta-kwana, da na zuwa wani filin idan an kasa sauka a wanda aka nufa, da na ƙarshe da doka ta ce a sauka da shi a tanki, na aƙalla rabin awa. Kuma nauyin da jirgi zai iya tashi da shi yana da iyaka, iyakar tana raguwa idan ana zafi, domin iska mai zafi ba ta da kauri, fuffuke da inji ba sa samun abin kamawa sosai. Kano tana kan tudu, kusan mita 480 daga teku, ga zafin bazara. Idan mai ya ƙaru, wani abu dole ya ragu, kuma ba za a sauke mutane ba, sai kaya. Sau da yawa idan ka ji an ce "jakunkuna za su biyo baya", asalin maganar ke nan, ba mugunta ba ce.

Tikitinka da ya nuna awa biyar alama ce kamfanin yana lissafi ne da gajeriyar hanya ko mai kama da ita. Amma wannan abu ne da yake canjawa da yanayin tsaro, wani lokaci cikin dare ɗaya. Ba zan yi maka alkawarin minti ba, babu ma ejan ɗin da zai iya, sai matuƙi ranar tafiya. Abin da za ka iya yi shi ne ka ɗauki lambar jirgin da ke kan tikitin ka saka a manhaja irin Flightradar24, za ta nuna maka hanyar da ya bi da awannin da ya yi a 'yan kwanakin baya. Wannan ya fi duk wani ƙiyasi nawa.

Idan akwai yada zango

Ka sake duba takardar da kyau ka tabbata kai tsaye ne. Daga lokutan da ka ambata haka nake gani, amma ina faɗa ne saboda masu karatu da za a ba su tikiti mai araha ba a yi musu bayani ba. Ta Alƙahira, kilomita 3,100 ne daga Kano, sai wasu 1,200 zuwa Jidda, jimla wajen 4,300. Ta Addis Ababa wajen 4,750. Ta Doha kuwa ya haura 6,000, domin sai an wuce Saudiyya gaba ɗaya sannan a juyo. Kuma waɗannan duk lissafin zare ne, kafin a sa kewayen Sudan. Amma ba kilomita ne ke gajiyar da mutum a irin wannan tafiya ba, zaman jira ne. Awa uku a filin jirgin wata ƙasa abu ne mai sauƙi ga matashi, awa tara kuwa ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, ba ta jin harshen kowa, ga doguwar tafiya tsakanin ƙofa da ƙofa, wannan wahala ce da ragin kuɗin bai kai ta ba. Ra'ayina a kan Inna, in dai aljihu zai ɗauka, kada ka sauya tikitin kai tsaye da wani, ko da ejan ya ce zai rage maka.

Jirgin alhazai kuma wani babi ne, kada ka auna tafiyarku da shi. Shi jirgi ɗaya ne yake sawu bayan sawu, ya kai ya dawo ya sake ɗiba, a lokutan sauka da hukumar Saudiyya ta ware masa. Da hanya ta koma awa bakwai, zuwa da dawowa ya zama awa goma sha huɗu ban da zaman ƙasa, matuƙa kuma suna da iyakar awannin aiki da doka ta sa musu. Sawu ɗaya ya makara, duk na bayansa sun makara. Kwanan da maniyyata ke yi a sansani daga nan yake tasowa.

Lissafin da ya shafi Inna

Yanzu ga wanda na fi so ka riƙe, domin gwiwa da suga ba ruwansu da awannin sama kaɗai. Ku baro Haɗeja da sassafe, ko ma ku kwana a Kano, na fi son hakan. Ana so ku kasance a filin jirgi awa uku kafin tashi, jirgin Jidda kuwa na fi ba da shawarar huɗu, saboda layin awon kaya a wannan hanya ba irin na sauran ba ne, kowa da ƙullin saƙo. Sai awa biyar na jirgi. A Jidda, shige da fice da ɗaukar hoton yatsu da jiran kaya sukan ci awa ɗaya zuwa biyu a ranar da babu cunkoso, a lokacin cunkoso su fi haka. Makka ba ta da filin jirgi, daga filin Jidda zuwa Harami kusan kilomita 100 ne, awa ɗaya da rabi a mota idan hanya ta yi kyau. Akwai jirgin ƙasa mai sauri na Haramain da aka buɗe a 2018, yana da tasha a cikin sabon ginin filin jirgin, amma ba kowane jirgi ne yake sauke fasinja a wannan ginin ba. Wasu a rumfar alhazai ake sauke su, waccan mai rufi kamar tantuna da aka gina tare da filin a 1981, kuma tana da nisa da tashar. Ka tambayi ejan a wane gini za ku sauka kafin ka sayi tikitin jirgin ƙasa. Idan ka tara duka, daga ƙofar filin jirgin Kano zuwa ƙofar masauki a Makka, awa goma da rabi zuwa goma sha biyu da rabi ne, ban da hanyar Haɗeja. Wannan ita ce lambar da za ka yi shiri da ita.

Tun yanzu ka sa ejan ya rubuta wa Inna buƙatar keken turawa a cikin tikitin, zuwa da dawowa. Kyauta ne, kuma ba sai wanda ba ya iya tafiya ake ba shi ba. Kada ka bari sai ranar tafiya, kada kuma ta ce tana jin kunya, tsofaffinmu da yawa haka suke cewa, sai an je tsakiyar dogon layi a ga ido ya raina fata. Ka nema mata kujerar bakin hanya, ba ta taga ba, kusa da banɗaki, ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa duk bayan awa ɗaya ko biyu, tana motsa ƙafa ko a zaune. Maganinta kaf ya kasance a jakar hannu tare da takardar likita, kada ko ƙwaya ɗaya ta shiga babban akwati, ka dai ji abin da na ce game da kayan da ke biyo baya. Ka riƙe dabino ko biskit da za ta ci idan abincin jirgi ya makara. Batun lokacin shan magani ko allura kuwa, ranar tafiya awa biyu za su ɓace mata daga yini, ranar dawowa su ƙaru. Yadda za a daidaita wannan aikin likitanta ne, ku je masa da tikitin a hannu ya gani da idonsa.

Haka ma salla. Mai tafiya gabas rana gudu take yi masa. Idan kun tashi ƙarfe biyu, ku yi azahar a ƙasa kafin shiga, magariba kuma za ta riske ku a sama tun agogon hannunka na Kano bai kai lokacin da ka saba ba. Ga masu tafiya da azumi, taga ake dubawa, ba agogo ba. Maganar inda za a ɗaura harami, ko a jirgi idan an zo daidai da mikati ko bayan an sauka Jidda, malamai sun yi bayani a kanta kuma akwai saɓani, ba fagena ba ne, ka tambayi malaminku kafin ku taso. Abin da ya shafi aikina a ciki shi ne, hanyar da jirgi ya biyo tana canja ta inda zai ɓullo wa Jidda, ta arewa ko ta kudu ko ta yamma, saboda haka ka gaya wa malamin wannan, kuma kai ka shirya tufafin haraminka a jiki ko a jakar hannu tun daga Kano. Sanarwar da ake yi a jirgi takan zo ne ana saura kaɗan a sauka, lokacin da layin banɗaki ya riga ya yi tsawo. Idan Madina kuka fara sauka, wannan damuwar ta ɗage sai ranar da za ku nufi Makka.

Duk sanda na ja wannan layi a taswira nakan tuna cewa ba mu muka fara shi ba. Kakanninmu kusan nan suka bi da ƙafa da jaki da raƙumi, ta Borno da Wadai da Darfur da Kurdufan har Sawakin, su shiga jirgin ruwa. Wasu shekaru suke yi suna noma a hanya suna tara guzuri, wasu ba su ƙarasa ba suka zauna, zuriyarsu ce Hausawan Sudan na yau, irin na Mai Wurno a bakin Nilu. Jiragen sama na farko da suka sauka Kano a Nuwamban 1925, guda uku na sojan Ingila, daga Masar suka taso ta Sudan da Chadi, kwanaki suka yi a hanya. Da aka fara zirga-zirgar jirage a kai a kai tsakanin Khartum da Kano a 1936, sai an yi ta sauka ana shan mai a El Obeid da El Fasher da Geneina da Fort Lamy, wadda ita ce Injamena a yau. Garuruwan da ake jin sunansu a labaran yaƙi yanzu, su ne zangon alhazanmu na da.

Saura dawowa. Ba ka faɗi watan da za ku tafi ba. Idan tsakanin Disamba da Fabrairu ne, ka sa hazo a lissafi. Ranar da ƙura ta yi kauri a Kano har matuƙi ba ya hango titi daga tazarar da doka ta yarda, jirgi yakan jinkirta tasowa daga Jidda, ko ya zo ya kewaya ya wuce Abuja ya jira. Na sha tsayawa a gaban 'yan tarba ina ba su haƙuri a kan wannan. Da damina kuma hadarin yamma ne yake sa a ɗan dakata, amma shi ba ya daɗewa, kuma jirginku na safe ne. Ka bar wa na gida lambar jirgin, su duba a waya kafin su baro Haɗeja, ka kuma rubuta musu ƙarara cewa 11:00 ɗin da ke kan tikiti agogon Kano ne, kada su ƙara komai a kai. Da fitowa daga jirgi da jiran kaya da jarkar zamzam, wajen ƙarfe goma sha biyu za su gan ku a ƙofa, in Allah ya yarda.